Sa Hannu Biyu a Safiya Ɗaya

Wata rana, ana saura mako biyu a tafi dogon hutu, hedimastan wata firamare ya tara mataimakan malamai a ofishinsa, ya karanta musu takardar da ta zo daga ofishin ilimi na ƙaramar hukuma.

Takardar gajera ce. Duk mataimakin da yake son a ba shi aji nasa na kansa, sai ya kawo NCE, takardar shaidar malanta.

A cikin waɗanda suka saurara akwai Malama Barira.

Shekararta goma sha ɗaya tana mataimakiya a ajin reno. Ita ke tarbar yara a bakin ƙofa, ita ke share majina, ita ke kama ɗan ƙaramin hannu ta ɗora a kan fensir har ya saba. Ta san wanda ba ya karyawa a gida, ta san wadda ke tsoron shiga bayi ita kaɗai.

Amma a takarda, iyakarta sakandare.

Mai ajin kuwa Malama Hansatu ce, dattijuwa mai fara'a, wadda saura mata shekara uku da 'yan watanni ta yi ritaya.

Barira ta san abin da zai faru. In Hansatu ta tafi ba ta da takarda, za a kawo wata sabuwar fitowa a ba ta ajin, ita kuma ta ci gaba da riƙe buta.

Ajin nan take so. Ba wani ba.

Da ta je kwaleji ta yi tambaya, aka nuna mata hanya biyu.

Ta farko karatun hutu da na ƙarshen mako. Ba ka barin aikinka, amma sai ka shekara biyar.

Ta biyu karatun kullum, tare da 'yan makaranta. Shekara uku an gama. Sai dai ma'aikaci ba ya shiga wannan sai da takardar izinin tafiya karatu daga inda yake aiki.

Ta rubuta neman izini. A ofis aka ce mata akwai mutane da yawa a gabanta, ta dawo baɗi, wataƙila baɗin baɗaɗa.

Washegari da aka fita tara, yara suna ta guje-guje a fili, ta zauna kusa da Hansatu ta yi tagumi.

"Yaya, biyar ta yi mini nisa. Ukun kuma sun ce in jira."

"To ke wa ya ce sai kin jira su?" in ji Hansatu. "Kwalejin nan tafiyar minti arba'in ce a mota. Je ki yi karatunki. Na riƙe aji ni kaɗai tun kina yawo ba ɗankwali."

"Littafin sa hannu fa?"

"Hannun naki na zinare ne? Rubuta in gani."

Barira ta sa hannu a bayan wani tsohon littafin rubutu. Hansatu ta gyara tabarau, ta kwaikwaya. Na farko ya karkace, suka yi dariya. Na biyu ya yi dama-dama.

Kafin a kaɗa ƙararrawa, shafin ya cika, kuma Barira ta kasa gane wanne ne nata.

Ta yi dariya tare da Hansatu, amma idonta na kan shafin. Ba ta taɓa ganin sunanta ya fito daga hannun wani ba.

Haka aka fara.

Litinin, Talata da Laraba tana kwaleji. Alhamis da Juma'a tana aji.

Kowace safiya littafin yana buɗe a kan teburin ƙofar ofis. Hansatu mai sammako ce. Ta rubuta sunanta da lokacin isowarta, ta sa hannu, ta sauko layi na gaba ta rubuta na Barira. Ƙarfe takwas hedimasta ya fito ya ja jan layi a ƙarƙashin sunaye, ya rufe littafin. Bai taɓa tambaya ba.

Karatu kam Barira ta yi shi da gaske. Ba ta taɓa shiga jarrabawa da 'yar takarda a hijabi ba. A cikin mota take bita, a bakin murhu take bita. 'Yan ajinsu, waɗanda ta kusa haifa, suna kiranta Mama, suna aron littafinta.

Amma ba ta sake jin ƙarar waya hankalinta a kwance ba.

Wata Talata a shekara ta biyu, tana tsakiyar lacca, saƙon Hansatu ya shigo: "Masu duba makarantu sun zo. Na ce kin kai yaro gida ba lafiya."

Ta zauna tana kallon allo, ba ta ji ko kalma ɗaya daga bakin malamin ba.

Da yamma ta je gidan Hansatu ta ce a daina, za ta koma karatun hutu.

"Bayan kin ci rabi?" in ji Hansatu. "Sun sha ruwa sun tafi. Ke dai kin cika tsoro, ƙanwata."

Ba a daina ba.

Shekara uku ta cika. Sakamako ya fito, ya yi kyau ƙwarai. Barira ta kai takardarta ofishin ilimi da hannunta, aka karɓa, aka buga hatimi, aka ce ta saurara.

Wata ɗaya shiru.

Wata biyu shiru.

Sai wata safiya farar mota ta tsaya a bakin makaranta. Mutum biyu suka shiga ofis, ba su daɗe ba suka fito da buhu. Littattafan sa hannu ne na shekarun baya. Aka ce haka ake yi a duk makarantun yankin, kwamitin tantancewa ne yake so.

Ba wanda ya ce don me.

Barira tana tsaye a taga da yarinya a kafaɗarta har motar ta ɓace.

Mako biyu bayan nan aka liƙa sunayen waɗanda za su bayyana gaban kwamiti ranar Alhamis. Akwai nata. Akwai na Hansatu, saboda duk mai shirin ritaya sai an duba fayil ɗinsa.

Hansatu har da sabuwar atamfa.

"Naki na ƙarin girma, nawa na sallama," ta ce a kan bencin jira. "Wata biyar ya rage mini. Ke kuma ki shirya, ajin ya zama naki, har da yaron nan Abba mai cizo."

Aka kira Barira.

Shugaban kwamitin, Malam Isiyaku, dattijo ne mai sanyin murya. Ya nuna mata kujera, ya tambayi iyali, ya tambayi yara. Sannan ya ɗaga takardarta.

"Mun aika kwaleji, sun amsa. Takardarki ta gaskiya ce, Malama. Kin yi ƙoƙari."

"Na gode, ranka ya daɗe."

Har ta fara sakin numfashi.

Sai ya jawo wani shafi ya ajiye a damansa. Kwafin takardar da ɗalibai ke sa hannu a ɗakin jarrabawa ne. Ya buɗe littafin makaranta a inda ya sa alama, ya ajiye a hagunsa. Ya juyo da su duka biyun suna kallonta.

"Talata, goma sha biyu ga watan Maris. Nan kin sa hannu ƙarfe takwas a ɗakin jarrabawa. Nan kuma kin sa hannu takwas saura kwata a makarantarku. Malama, a ina kike a safiyar nan?"

Ta kalli dama. Ta kalli hagu.

Hannu iri ɗaya, ba bambanci.

"Kada ki yi sauri," ya ce. "In kina makaranta, to wani ya rubuta miki jarrabawa, sai mu sanar da kwaleji su janye takardar. In kina kwaleji, to wani ya sa miki hannu a nan."

Fanka tana juyawa a sama. Daga waje tana jiyo muryar Hansatu tana ba wani labari, ana dariya.

Ta yi tunanin ta ce tana makaranta. Ta ɗora wa kanta satar da ba ta yi ba, shekara uku ta tafi, Hansatu ta tsira. Amma ba ta iya cewa wani ne ya rubuta abin da ita ta sha wahalarsa.

"Ina kwaleji, ranka ya daɗe."

"Wa ya sa miki hannu?"

"Laifina ne ni kaɗai. Ni na nema. Duk hukuncin da za a yi, a yi a kaina."

"Ba abin da na tambaye ki ke nan ba."

"Ba zan iya faɗa ba."

Malam Isiyaku ya daɗe yana kallonta. Babu fushi a fuskarsa, kuma wannan ya fi ba ta tsoro.

"Ba sai kin faɗa ba," ya ce a hankali. Ya fara buɗe shafuka ɗaya bayan ɗaya. "Alhamis da Juma'a sunanki yana yawo, yau a sama, gobe a ƙasa, kamar na kowa. Litinin zuwa Laraba kuwa, shekara uku cur, kullum yana ƙarƙashin suna ɗaya. Biro ɗaya. Minti ɗaya."

Ya rufe littafin.

"Kina iya tafiya. Ki turo mini Malama Hansatu."

Barira ta miƙe.

Da ta buɗe ƙofa, Hansatu ta riga ta tashi, rungume da fayil ɗinta, tana gyara mayafi.

"Yaya aka yi, ƙanwata? Sun yaba, ko? Ai na gaya miki."

Barira ta riƙe mata ƙofar. Ta kasa ɗaga ido.

Hansatu ta tsaya ta dube ta. Murmushin ya ɗan jima a fuskarta kafin ya sauka. Ta yi sallama ta shiga.

A ƙarshen watan aka sallami Barira daga aiki. Aka tsayar da takardun ritayar Hansatu, aka ce sai an gama bincike. Shekara talatin da biyar na aiki suna cikin wani kabad, ba wanda ya san ranar da za a buɗe shi.

Barira takan je gaishe ta duk Juma'a. Hansatu tana karɓarta, tana shimfiɗa mata tabarma, tana kawo ruwa.

Sai dai yanzu "Malama Barira" take ce mata.

Darasi:

Idan za ku ƙaro karatu kuna kan aiki, kada tsawon shekaru kaɗai ya zaɓa muku hanya. Ku tambayi wace ce wurin aikinku ya amince da ita, ku karɓi izinin a rubuce kafin ku cike fom. In izinin ya ƙi fitowa, ku ɗauki ta hutu ko ta ƙarshen mako, ko da za ta ja lokaci.

Kuma duk hanyar da ba za ta yiwu ba sai wani ya rufa muku asiri kowace safiya, ku sani ba ku kaɗai kuka shige ta ba. Wanda ya fi ƙaunarku shi ne zai ce zai yi muku. Ku ƙi, saboda shi.

Lokacin sayen fom ya kusa. In kun san wata mataimakiya ko wani mataimaki da ke shawarar inda zai nufa, ku tura masa wannan kafin ya yanke.