Guntun Fensirin Baffa

Jiya da sabuwar shekarar Musulunci ta kama, na ci karo da guntun fensirin Baffa, yayan mahaifina, a ƙasan akwati. Raina ya sake ɓaci.

Duk Muharram yakan ɗaura niyyar abu guda. Shekarar da soja suka miƙa mulki, yana da saba'in da ɗoriya, ya ce, "Bana da hannuna zan rubuta sunana. Na gaji da dangwale."

Har yanzu ina ganinsa a zaurenmu na Ƙofar Sauri, yana feƙe fensiri da reza, ɓawon na zuba kan buzu. 'Ya'yansa masu digirin nan suka yi ta dariya. Babban ya ce, "Haba Baba, likkafani ke jiranka, ba aji ba."

Bai ko ɗago kai ba. "Ai shi ya sa nike sauri."

Kafin layya ya rubuta sunansa. Da ya rasu, mai ƙosai 'ya'yan suka ba littafin da ya koyi rubutun a ciki, ta yi naɗi da shi. Ban yafe musu ba.

Allah ya haskaka kabarinka, Baffa. Su kuma Allah ya ja kwanansu, su ɗanɗani dariyar ɗan cikinsu.