Duron da Aka Lulluɓe da Leda

Shekarun baya abokina ya sayar mini da duron da ya ƙona mini ƙirji, kuma ya san abin da ke ciki.

Sana'ata ke nan lokacin a unguwar Borokiri ta Fatakwal: in sayi duron da kamfani ya gama da shi, in wanke, in sayar wa mata su tara ruwa. Mu masu duro gwajinmu ɗaya ne, ka buɗe ka sunsuna. Shi kuma abokin nawa gadi yake yi a wani kamfani. Garinmu ɗaya, tirela ɗaya ta kawo mu Fatakwal.

Ranar ana yayyafi ya turo shi a baro, ya naɗe shi tsaf da leda. Har na ce a raina, kai, mutumin nan akwai tsafta. Na sunsuna, yaji ya ɗan daki hancina, na yi turus.

Ya ce, "Haba ɗan'uwa, silikon ne fa, irin na goge mota. Ko yaro ya wanke."

Ni da iyakata aji biyu a sakandare, na ji kalmar Turanci, sai hankalina ya kwanta. Yana tafiya na juye bokitin ruwa a ciki. Wani farin hayaƙi ya taso, duron ya ɗau zafi, numfashina ya sarƙe. Maƙwabciyata tana ihu da Turancin buroka, "Aboki don kill us o!", wai ni ɗan Arewa na kashe su. A okada, wato acaɓa, aka kai ni asibiti.

Bayan an sallame ni, wata jami'ar duba muhalli ta zo. Ta tsoma 'yar takarda a ruwan da ya rage a duron, takardar ta yi ja. Ta ce, "Malam, suna ne ɗaya, hali ba ɗaya ba. Na goge mota ko a ruwa yana nan yadda yake. Wannan kuwa da ya haɗu da ruwa sai ya rarrabu, ya saki asid. Shi ya sa ba a ba da izinin sinadari sai an gwada yadda yake yi a ruwa." Ta ce kamfanin ya ware irin wannan duron a rumfa, ya gargaɗi kowa, har masu gadi.

Sana'a ta mutu, don wa zai sayi duro wurin mai hayaƙi? Har yau in damina ta faɗi, tari ba ya barina. Fushin ma na gaji da shi.

Sau ɗaya na sake ganinsa, wurin mai shayi a unguwar Diobu. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ƙaddara ce, ɗan'uwa."

Na ce, "Ƙaddara na yarda da ita. Amma ledar fa? Ka lulluɓe shi don kada ruwa ya taɓa shi a hannunka, sannan ka ce mini ko yaro ya wanke. Sha shayinka."