Abin Tsintuwa a Kunnen Ɗana

Tun ranar da aka saka wa yaron na'urar ji a kunne nake tsoron ranar da za ta mutu. Ban gaya wa kowa ba. Ɗan fari ne, kuma a gidan surukai nake zaune a Madabo, inda ba a son a ga uwa tana rawar jiki a kan ɗan fari. Sai dai in zan yi masa wanka in cire ta in rufe a kwalla, in hadari ya haɗo in bi lungu neman sa tun kafin a fara yayyafi.

Sanƙarau ne ya taɓa masa ji, bai daɗe da yaye ba. Allah ya tashi kafaɗunsa, amma ya tashi ba ya waiwayowa in an kira shi. A asibiti suka gwada suka ce jin bai tafi duka ba, akwai saura, na'ura za ta taimaka. Dangi suka haɗa hannu aka sayo. Da ita ya dawo magana. Ya iya cewa ruwa, Baba, akuya, tafi. Ni kuma yana ce mini Umma, in da mutane a wurin sai in yi kamar ban ji ba.

Wata safiya na saka masa ita, na yi masa magana ta baya kamar yadda na saba gwadawa, bai juyo ba. Na sake batir, shiru. Ba ruwa ne ya taɓa ta ba, ba faɗuwa ta yi ba. Mutuwa kawai ta yi.

Maigidana baduku ne, jaka da takalmi yake ɗinkawa, bai san kan irin waɗannan kaya ba. Ya kai wa masu gyaran waya. Wanda ya fi su hannu ya buɗe, ya duba da gilashi, ya ce wayoyin ciki lafiya, lasifika lafiya, matsalar tana cikin wani ɗan baƙin abu da bai kai ƙwayar wake ba. Su aisi suke ce masa, shi ne ƙwaƙwalwar na'urar. Ya ce ko ya samo irinsa ba zai yi aiki ba, domin abin da ke ciki a kulle yake, masu ƙerawa kaɗai suka san shi. Da aka koma wajen waɗanda suka sayar mana, suka ce an daina yin wannan samfurin, sai dai sabo. Sabon kuwa ya fi ƙarfinmu, kuma ba a roƙon dangi abu ɗaya sau biyu.

Daga nan na fara kallon magana tana zubewa daga bakin yaron. Akuya ce ta fara tafiya. Ruwa ya koma nuni da yatsa wajen randa. Umma ta koma "mma", daga baya sai ya ja mini zani kawai. A asibiti sun gaya mana shekarun koyon magana ba sa jiran mutum, in suka wuce sai an sha wahala. Wannan maganar ita nake kwana da ita nake tashi da ita.

A wajen wani suna a Sheshe muka haɗu da ɗiyar gwaggon maigidana. Taubashiyarsa ce, tana koyar da aikin injiniya a jami'a, kowa Malama yake ce mata. Ta kira yaron bai juyo ba, ta dube ni, na ba ta labari. Ta tambaye ni ko takardar gwajin asibiti tana nan, da ɗan robar da aka yi daidai kunnensa. Na ce suna nan. Ta ce ita da ɗalibanta suna haɗa wani abu, ba ta yi mini alkawari ba, amma za ta gwada.

Ta san ina ɗinkin hula, sai ta bi ta nan ta yi mini bayani. Ta ce kamar yadda hula take da zane kafin a sa allura, haka ƙwaƙwalwar kowace na'ura take da zane kafin a ƙera ta. Yawancin masu zanen ɓoyewa suke yi, kamar mai zanen hular unguwarmu da ba ya barin kowa ya ga yadda yake fitar da nasa. Amma akwai wani zane da aka bari a buɗe a intanet. Duk mai so ya ɗauka, ya karanta, ya ƙera, ya gyara. Masana'antu daban-daban suna ƙera shi, shi ya sa yake da araha, kuma babu mai iya cewa ya daina yi kowa ya rasa.

Na ce su waye suka zana. Ta ce mutane ne da yawa a ƙasashe da yawa, ba ta san fuskar ko ɗaya ba. Na ce me ake ba su.

"Ba a ba su komai. Ajiyewa suka yi, kowa ya ɗauka."

Na yi mata godiya, amma maganar ajiyewar nan ta tsaya mini a rai.

Kakata ta wajen uwa ce ta raine ni, kuma abu ɗaya ne ta taɓa dukana a kansa. Na tsinci goro da 'yan kuɗi a ƙulle cikin tsumma a mararrabar lungu na kawo gida. Ta sa na mayar da shi da hannun hagu, ta wanke mini hannu da toka. Ta ce babu mai ajiye abu mai kyau a hanya don Allah. Wani ne ya sauke cutarsa ko masifarsa a kai, yana jiran mai kwaɗayin da zai ɗauka. Da wannan na girma. Ga shi yanzu za a ɗauko abin da waɗanda ba a sani ba suka ajiye a hanya, a saka a kunnen ɗana, dab da ƙwaƙwalwarsa.

Bayan 'yan makonni Malama ta kawo. Akwati ne kamar ƙaramin gwangwanin kifi, da 'yan huji a gaba inda sauti ke shiga, da siririyar waya da ta tafi zuwa robar kunnen. Ta ce ta daidaita shi da gwajin asibiti, kuma ta kai wa mai gwajin ya duba ƙarfinsa don kada ya yi wa yaron yawa. Ranar yaron ya bi babansa rumfa, ita kuma tana da aji. Ta kunna ta nuna mini wata 'yar koriyar fitila, ta ce in ya dawo in saka masa, ta tafi.

Na kai wa surukata, Inna, na gaya mata inda zanen ya fito. Ba sai na ƙara komai ba, ita ma da wannan tarbiyyar ta tashi. Ta ce ba za a mayar wa 'yar dangi kyautarta ba, abin kunya ne, amma ba za a sa wa jikanta abin tsintuwa haka nan ba. Ta ɗebo ruwa a kofi ta yi addu'a ta tofa. Ni na san ruwa da na'ura ba sa shiri, na fi kowa sani a gidan. Na yi zaton ɗan yayyafi ne a baya, in goge da bakin zani. To Inna ba ta san kaɗan ba, ko a gishirin miya. Ina riƙe da akwatin ta cika tafi ta watsa ta gaba, ta wajen hujin, ta ƙara. Koriyar fitilar ta ƙyafta ta ɗauke. Muka dubi juna.

Inna ta ce wataƙila abin da ke ciki ne ya fita.

Da maigidana ya dawo ya ji, sai ya fita bai ci abinci ba. Maganar ta kai soro wajen surukina, Baba Malam, wanda ke ba da karatu a nan tun kafin a haife ni. Bayan la'asar ya aiko in zo. Na durƙusa daga bakin ƙofa, ya sa na faɗi abin da nake tsoro, na faɗa.

Bai yi dariya ba. Ya ce kakata ba ta yi ƙarya ba, akwai masu ajiye sharri a hanya. Sannan ya tambaye ni wa ke cika randar da ke ƙofar gidan nan kullum da safe. Na ce ni ce. Ya ce masu shan ruwan na san su? Na ce a'a. Ya ce su sun san ni? Ya nuna littattafan da ke jingine a bango, ya ce yawancinsu da hannu aka kwafe su daga na wani, wanin ma daga na wani, kuma wanda ya ga kuskure yakan gyara a gefe don na baya. Bai san sunan rabin waɗanda suka kwafa ba.

"Abin da ake tsoro shi ne wanda aka ƙulle a tsumma," in ji shi. "Wannan kin ce a buɗe yake, 'yar'uwarku ta karanta shi tun daga farko har ƙarshe. Wancan na farkon da aka saya, wa ya taɓa ganin cikinsa? Addu'a kuma, 'yata, da baki ake yi. Ba sai an jiƙa ba."

Inna tana bayan ƙofa ashe. Ta ce, "To da ka fito ka yi da bakin, Malam, da ba a kai ga kofi ba."

Washegari maigidana ya kira Malama. Ni kunya ta hana ni fitowa sai da ta leƙo ɗaki ta jawo ni. Ta ce wa maigidana ashe gidan malamai har na'ura ake yi wa wankan shiga Musulunci. Ya ce ai laifinta ne, wa ya ce ta kawo baƙo ba ta gabatar da shi ba. Ta ce baduku dai baduku ne, in ya ga abin da ba fata ba sai ya rikice.

A tsakar gida ta yi aikin, a kan turmi da aka kifa. Ta kwance akwatin, ta nuna mini ɗan allon da ƙwaƙwalwar ke kai, gefensa ya yi baƙi. Nan take na tuna maganar mai gyaran waya. Ta ce irin wannan ɗin ya ƙare mata, amma tana da wani na wata masana'anta dabam. Na ce zai yi? Ta ce zanensu ɗaya, yare ɗaya suke ji, ɗan gyara kaɗan za ta yi a kwamfuta. Ta narka dalma ta haɗa wayoyi, ta jona da kwamfutarta, ta yi 'yan rubuce-rubuce. Kafin Inna ta sauke tuwo koriyar fitila ta kama.

Na tambaye ta ko a Kano aka ƙera ƙwaƙwalwar. Ta ce a'a, masana'antar da ke yin wannan ba mu da ita, daga waje ake kawowa, kuma ba ta san ranar da za mu samu ba. Abin da muke da shi dai yanzu shi ne mun san abin da ke ciki, in ya lalace ba sai mun roƙi kowa ba.

Baba Malam ya fito ya karɓi akwatin a tafin hannunsa, ya yi addu'a, ya miƙo mini. Na saka wa yaron. Ya fizge ya yar. Na sake sakawa ya sake fizgewa, domin ya kwana biyu babu komai a kunnensa. A karo na gaba akuyar maƙwabta ta yi kuka ta bayan katanga, sai ya tsaya cak da hannunsa a sama, ya juya yana neman ta.

Maganar ba rana ɗaya ta dawo ba. Ruwa ne ya fara dawowa, sai Baba. Umma sai bayan babbar salla, ina tsugune ina wanke-wanke, kuma a gaban Inna ya faɗa. Na amsa. Inna ta yi kamar ba ta ji ni ba.

Akwatin ba shi da kyan na farko. Yana da nauyi, yana cin batir, kuma in maƙwabcinmu ya tayar da janareto sai ya riƙa wani tsaki da ke sa yaron ya cire shi ya ɓoye a ƙarƙashin tabarma. Malama da ɗalibanta sun gwada abubuwa, tsakin ya ragu amma bai tafi ba. Don nauyin, maigidana ya yanka fata mai laushi, ni na ɗinka wata 'yar jaka da ake ratayawa a ƙirji, da murfi da ke kare hujin daga ruwa ba tare da ya toshe sauti ba. Sai da muka ɓata fata da yawa kafin ta zauna daidai.

Malama ta ga jakar ta ce tana son ta auna ta, ta ɗauki hotonta, ta ajiye a inda ta ɗauko zanen, tare da gyaran da suka yi, don wata uwar a wani gari. A sana'armu ba a ba da zane, kuma ga shi ni ce zan ajiye abu a hanya. Na ce ta bar ni in yi tunani. Da safe ina cika randar ƙofar gida na aika mata cewa ta saka, amma ban da hoton yaron.

Yanzu ya shiga makaranta, malamarsa ta ce yana ji in ta tsaya a gabansa. Da yamma ne abin yake ba mu wahala, lokacin da ake ɗauke wuta janareto ya tashi, kuma lokacin ne babansa yake gida yake son su yi hira. Malama ta ce duk wanda ya yi irin karatunta ya san inda ake ajiye waɗannan zane-zane, kuma namu yana can a buɗe, an rubuta matsalar tsakin a jikinsa. Idan kai mai karanta wannan kana da wannan ilimin, ko kina da shi, don Allah a duba mana. In an gano gyaran, a ajiye shi a can inda aka samu zanen, Malama za ta gani.