Ranar Da Aka Kama Ni Ina Waƙa Da Sambusa A Baki

Lokacin ina ɗan shekara goma sha biyar, babu bikin Hausawa da za a yi a unguwarmu ta Hindawiyya ba a neme ni ba. Muryata siririya ce tas, ga farar jallabiya kullum a goge, ba sigari, ba kalmar batsa ko ɗaya a waƙata. 'Yan mata suna tura wa juna hotona, iyayensu kuwa ba sa hanawa, don ni ne yaron kirkin da ake yi wa samarin unguwa gori da shi. Mahaifiyata ko tumatir ta je saye a kasuwar Bab Makka sai ta san yadda ta sako zancena.

A bukukuwanmu na nan namiji ba ya shiga zauren mata. Ɗan ɗaki ake ba ni a gefe, in riƙe makirfo, muryata ta fita ta lasifika. Wannan ɗakin ne ya ja mini. Ina shiga sha bakwai muryar ta fara fashewa, in na ja ta sama sai ka rantse zakara ne yake koyon cara. Na sha zuma, na sha citta, a banza. Maimakon in faɗi gaskiya, sai na koma kunna tsofaffin waƙoƙina da na naɗa, in tura ƙofa in miƙe ƙafa. Biki shida na yi haka, ana ta mamakin wai muryar yaron nan ba ta canzawa.

A na bakwai, waƙar ta ratsa kakar amarya har ta ce sai ta dafa kaina ta sa mini albarka. Ƙarar kiɗa ta hana ni jin sallamarta. Ta same ni a kishingiɗe, kumatu cike da sambusa, can kuma muryata tana ta jan baiti. Ta dube ni, ta saurara, ta tambaye ni ko baki biyu Allah ya ba ni. Sannan ta ce halas, ya isa haka, in kashe abin, yalla maza in rera da nawa bakin. Na rera. Dariyar matan nan har titi ana ji.

Yau ina sayar da yadi a Bab Makka, kuma har gobe wasu in sun zo sai sun tambaye ni ina sambusar, mu yi dariya tare. Amma akwai abin da ba na yi wa dariya: wata guda mahaifiyata ta yi ba ta taka kasuwa ba. Ta ce mini fashewar murya kowane ɗa namiji yana yi, wannan ba abin kunya ba ne, abin da ya ƙona mata rai shi ne na bar ta tana yawo tana rantsuwa a kan gaskiyata. Don haka matasa masu tashe, in baiwarku ta fara gushewa ku faɗa da bakinku. Ni muryar ban yi kewarta sosai ba, amma tun daga ranar ban sake jin mahaifiyata ta yi alfahari da ni a gaban mutane ba.