Shekarar da Na Sha Ruwan Zartsi

Godiya ta tabbata ga Wanda ya halicci giwa, ya halicci tsutsa, ya ba kowacce aikinta. Bayan haka, mutanen yankin nan sun daɗe suna nuna ni ga 'ya'yansu, suna cewa ga dattijon da Litinin da Alhamis ba su taɓa samunsa da abinci a baki ba. Yanzu da furfura ta gama cin kaina, wajibi ne in bayyana asalin lamarin. Azumin nan ba daga tsoron Allah ya fara ba. Daga tsoron kurkunu ya fara.

Ƙauyenmu yana tsakanin Bagwai da Tsanyawa, inda gona ke jingine da gona, har mutum ba ya ɗaure akuya sai igiyarta ta kai ga shukar maƙwabci. Wuraren shan ruwanmu biyu ne. Akwai tafkin da kakana ya haƙa sa'ad da ya ɗebi ƙasar ginin gidanmu, ruwansa sanyi da garɗi, kuma har gobe ban yarda akwai ruwan da ya fi shi dacewa da fura ba a duk ƙasar Kano. Akwai kuma rijiyar unguwar Barebari, waɗanda kakanninsu suka zo daga Barno da fataucin kanwa suka zauna. Ruwanta zartsi ne. Mukan yi musu ba'a cewa kanwar da ta yi kwantai a kasuwa suka juye a ciki.

Wanda bai san kurkunu ba, ya ƙara godiya. Tsutsa ce fara, siririya kamar zaren saƙa, tsawonta yakan kai kamu biyu. Ba ta leƙowa da rani, lokacin da mutum ke zaune a inuwa ba shi da aiki sai tufkar igiya. Sai ruwa ya sauka, ciyawa ta tashi, sannan bororo ya fito a idon sawu da zafi kamar an ɗora garwashi, ƙato ya kwanta yana kallon gonarsa tana lalacewa.

Haka ya yi mini a shekarar da na nemi aure. Yarinyar da nake so, gidansu yana bakin tafki, mahaifinta kuma manomi ne da ba ya duban fuskar saurayi, sai kunyar da ya tayar a gona. Na yi masa alkawarin gayyar noman farko. Ana saura kwana biyu kurkunu ya fito mini har uku a ƙafar hagu. Kafin in miƙe, ciyawa ta shanye masa gero. Da na je ba da haƙuri ina dogara sanda, sai ya ce, "Cuta ba laifi ba ce. Amma na ba ka damina ɗaya. Idan baɗi ma a kwance ta same ka, to, akwai masu ƙafa."

Wadda ta yi jinyata ita ce gwaggona, ƙanwar mahaifina, wadda duk mai kurkunu a ƙauyen wurinta ake kai shi. Takan kama kan tsutsar ta naɗe shi a sillen kara, kullum ta ƙara juyi ɗaya ko biyu, ta shafa man kaɗe ta ɗaure. Ba ta gaggawa, domin idan tsutsar ta tsinke ƙafa ta kumbura kamar turmi. Amma abin da ya fi naɗin ciwo shi ne tambaya. Tana naɗi tana tuhuma kamar alƙali: wa ke ɗebo muku ruwa? Daga ina? Daminar bara a wace gona ka yi aiki? Da ƙishi ya kama ka a can, me ka sha?

A wancan zamani kowa da abin da yake ɗora wa laifi. Wasu sun ce dukan ruwan farko ne, wasu sun ce sammu ne ake binnewa a hanya. Gwaggo ta ce ruwan farko ba ya tsallake unguwar Barebari, waɗanda kurkunu bai cika kamawa ba, mai sammu kuma ba zai iya tsanar rabin gari a wata guda ba, ko da ba shi da wata sana'a.

Ran da ta zare mini ta ƙarshe, sai ta ja ni bayan rumbunta ta buɗe tukwane biyu. Ashe duk sillen da ta naɗe tsutsa da shi tun shekaru ba ta yar ba. Na masu shan tafki tana jefawa a ɗaya, na masu shan rijiya a ɗaya. Ta farko ta cika har baki. Ta biyu sille uku ne kawai a gindinta.

"Waɗannan ukun ma na bi sawunsu," in ji ta. "Biyu sun yi ƙodago a gonar bakin tafki, ɗaya kuma makwaɗaici ne, gidan kowa yana da ludayi."

Na ce, "Gwaggo, tafkin mahaifinki fa kike zargi."

Ta ce, "Ya haƙa shi don ƙasa, ba don ciki ba. Abu ɗaya ya rage mini. Barebari za a ce jininsu ne daban. Ina son ɗan gidanmu, wanda kurkunu ya san hanyar ƙafarsa, ya bar tafki daga wannan damina har ta zagayo. Ko kurɓi ɗaya."

"Wato ni ne zakaran gwajin dafi."

"Zakara yana da ƙafa biyu, ɗan nan. Kai a bana ɗaya gare ka."

Na yarda, ba don na gaskata ba, sai don wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa zai kama. Na rataya gora, na zama abin dariyar sa'o'ina. Idan na doso dandali sai su ce ga Babarbaren gidan mai tafki. Mahaifina ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwata sai da kai.

Duk wannan mai sauƙi ne. Wahalar tana zauren surukai. Da na je zance, yarinyar ta fito da fura damammiya a sabuwar ƙwarya, da ruwan tafki, ta durƙusa ta ajiye, ta koma gefe tana jira. Mayar da ƙwarya a cike cin mutuncin uwar ɗiya ne. Sha kuma, ga tukunyar Gwaggo tana yi mini gizo. Ban san lokacin da bakina ya ce, "Azumi nake" ba. Allah ya rufa asiri ranar Alhamis ce. Amma da safiyar nan na cinye ɗumamen tuwo malmala biyu.

Na kai wa Gwaggo ƙarar kaina. Ta yi dariya har ta riƙe ciki, sannan ta ce, "Ƙarya ɗaya sai tuba, ta biyu sai wuta. Daga yau kada ka je gidan sai Litinin da Alhamis, kuma ka kwana da niyya." Haka na yi shekara guda. Labari ya bazu. Mahaifin yarinyar, wanda a da ba ya ɗaga kai idan na gaishe shi, ya fara kirana Malam, yana sa a shimfiɗa mini buzu.

Damina ta zagayo. Kowace safiya kafin in yi alwala sai na shafa idon sawuna ina neman bororo. Ruwa ya sauka, aka yi shuka, ciyawa ta tashi. Sa'o'ina masu dariya suka fara zubewa ɗaya bayan ɗaya, har gayyar da na haɗa don gonar mahaifin yarinyar ta kusa watsewa, sai da na je na roƙi samarin Barebari, waɗanda suka sa na maimaita zancen kanwar nan a gabansu sau uku kafin su ɗauki fartanya. Ranar gayya ni ne a kan gaba, makaɗi yana bina da ganga, ƙafafuna biyu garau. Kafin la'asar mun tashi gonar.

Mai gonar kuwa a kan jaki aka kawo shi, ƙafarsa a naɗe da tsumma, domin a bana shi kurkunu ya ziyarta. Ya dubi kunyoyin, ya dube ni, ya ɗaga murya gaban jama'a ya ce, "Ku shaida na ba shi. Kuma ku shaida abin da azumi ke yi. Bara a kwance, bana a tsaye. Wannan ba aikin kowa ba ne sai Litinin da Alhamis."

Gwaggo tana bakin gona tare da mata masu kawo abinci. Ta aika aka ɗauko tukwanenta, ta juye su a gaban jakin, tari ɗaya kamar tsibi, ɗaya ko kaza ba za ta tsaya tonawa ba. Ta yi bayani tiryan-tiryan. Ya saurara da ladabi, sannan ya ce, "Baiwar Allah, kara dai kara ne. Ruwan nan mahaifina ya sha har haƙoransa suka zube. Ga mai azumin nan, a tambaye shi."

Ido ya dawo kaina. Idan na ce ruwa ne, sai a tambayi dalilin azumin, ɗumamen tuwo ya fito fili, buzu ya tashi, wataƙila da auren. Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, Allah ne masani." Wannan magana gaskiya ce, amma ban taɓa faɗin gaskiyar da ta fi ta kama da ƙarya ba.

Gwaggo ta kwashe kararenta ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo wucewa ta gabana ta ce a hankali, "Tunda azumi ne magani, Malam, sai ka riƙe shi. Ran da na ga ludayi a bakinka ranar Alhamis, ni da kaina zan ba da labarin ɗumame." Ta rayu shekara ashirin bayan haka, lafiyayyiya, mai kaifin ido. Kafin ta rasu azumin ya riga ya kama jikina, ina roƙon Allah ya karɓi na baya, ya yafe na farko.

Amarya kuwa, washegarin tarewa ta ɗauki tulu ta wuce tafki, ta nufi unguwar Barebari ba tare da na ce mata komai ba. Da ta dawo na tambaye ta. Ta sauke tulun ta ce, "Mai azumi da gora a rataye? Tun zuwanka na biyu na gane. Ni ma tun a lokacin na koma rijiya, ka taɓa ganina da tsumma a ƙafa?" Daga ranar kurkunu bai sake shiga ɗakinmu ba, ko da yake babu safiyar da ba ta yi mitar nisan rijiyar ba.

Tukwanen suna nan bayan rumbuna. Wanda ya ga dama ya zo ya leƙa, amma kada ya zo Litinin ko Alhamis, domin ba zai sami fura ba.