Tun Jiya Ban Ci Ba

Har yau in na ji ƙarar murfin kwanon samira, sai gabana ya faɗi. Bari ka ji dalili.

A gidanmu na Nguru, can bayan tashar jirgi, Inna ce ke kula da Kaka, mahaifiyar Baba. Tuwon gero mai laushi, miyar kuka da bandar kifi, ita ake fara zuba wa. Sai ta cinye tas, ta suɗe hannu, ta rufe kwano. Ko wanke kwanon ba a yi ba, in maƙwabciya ta leƙo gaisuwa, sai Kaka ta riƙo hannunta, ta yi ƙasa da murya: "Tun jiya ban sa komai a bakina ba."

Da farko dariya muke yi, mu ce gigin tsufa ne. Ashe magana ta zaga unguwa. In Inna ta shiga gidan suna, sai mata su yi tsit. Wata har ta fara kawo wa Kaka kunu a ɓoye cikin mayafi. Inna ta koma ba ta abinci a tsakar gida, ƙofa a buɗe, don kowa ya gani. A banza. Inna ta rame, ta daina fita, abu kaɗan ta hau mu da faɗa.

Lokacin yankan shinkafa Baffa, yayan Baba, ya zo daga Gashua a fusace. Ko ruwa bai sha ba. Ya ce ba za a kashe masa uwa da yunwa yana raye ba, ya sa ta a mota. Baba ya sunkuyar da kai, uffan bai ce ba. Wannan shirun nasa, wallahi har gobe yana ci mini rai.

Ba a yi sati biyu ba Kaka ta fara gaya wa mutanen Gashua haka a kan matar Baffa. Kowa ya gane. Amma ba wanda ya tako ya ba Inna haƙuri. Can Kaka ta rasu da damina.

Yanzu zamani ya sake. Kwanan baya na ji a rediyo likitocin duniya sun duƙufa a kan irin wannan mantuwa ta tsofaffi, wai ciwon ƙwaƙwalwa ne, a daina zargin masu jinya. Na kwashi rediyon sai ɗakin Inna, na ce yau dai an wanke ta. Ta saurara har ƙarshe, ta ce in kashe.

"Bakin mutane bai taɓa hana ni barci ba, 'yar nan," in ji ta. "Ita Kakarku fa, ta tafi tana ganin na hana ta abinci."