Yadda Labo Ya Daina Godiya

Duk wanda ya ci kasuwar Tudun Hajjo a shekarun nan ya san Labo, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon tsohon nan mai tsintsiyar kaba, wanda za ka miƙa wa goro ya karɓa ya jefa a baki, ya tsaya yana kallonka kawai. Baƙi kan ce ba shi da tarbiyya. Ni da na tashi danga ɗaya da gidansa, raina ɓaci yake in na ji haka, don ban taɓa ganin mai ladabi irinsa ba. Garinmu ne ya mai da shi haka.

Tudun Hajjo ƙauye ne tsakanin Bakori da Gozaki, wani rafi ne ya raba mu da Unguwar Salisu. Uban Labo baƙo ne, ƙodago ya kawo shi, aka ba shi aron gona a bakin hanya. A al'adarmu, yaron da aka binne cibiyarsa a ƙasarmu ɗan gari ne, gonar aro kuma ta zama tasa ta gado. To uwarsa Mero tana dawowa daga kasuwar Bakori naƙuda ta kama ta a mashigin rafi, matan da ke tare da ita suka yanke cibiya suka binne a gindin wata ɗorawa. Ɗorawar tana ɓangarenmu, saboda haka Labo ya girma, ya auri Hansai, ya haifi Lauratu, har ya fara furfura yana ɗan Tudun Hajjo.

Sai wata damina mai ruwa rafin ya ga dama ya sake hanya, ya zagayo ta bayan ɗorawar. Aka wayi gari itacen ya koma Unguwar Salisu, da cibiyar Labo a gindinsa. Masananmu na bakin masallaci suka ce ai rafi shi ne iyaka, Labo ya zama ɗan ƙetare. Mutanen Unguwar Salisu suka ce ɗorawar dai sun karɓa, kalwarta ma su za su riƙa ci, amma cibiyar ba tasu ba ce, mai ita ya zo ya tone abarsa. Labo kuwa ya ɗauki fartanya ya je. Ya wuni yana haƙa, ya dawo da saiwa da wani tsohon takalmin roba.

Akwai wata al'adar kuma, wadda muke taƙama da ita a gaban sauran ƙauyuka: ba ma hukunta baƙo. In ya yi laifi dagaci zai ce an yafe, shi kuma ya ce ya gode, daga nan a taya shi ɗaukar kaya a raka shi bakin rafi, gonar aro ta koma hannun dagaci. Ɗan gari kaɗai ke da darajar a ci shi tara ko a sa shi gyaran hanya. Labo ya zauna ya yi lissafinsa, ya ga hanya ɗaya ta rage masa ya tabbata ɗan gida, ita ce a yanke masa hukunci.

Matsalar ita ce bai iya laifi ba. Da aka yi shelar ɗaure dabbobi saboda shuka, ya kwance awakinsa ya buɗe ƙofa, awakin suka tsaya a turke suna kallonsa. Sai da ya saɓa ɗaya a kafaɗa ya kai ta tsakiyar masarar Liman ya ajiye. Liman ya dawo masa da ita da kansa, har da ɗaurin harawa, wai kada ta rame. Ya zagi mai awo a kasuwa, mai awo ya ƙara masa gyara. Ba wanda ya yarda ya kai ƙararsa, don kowa na tsoron ya zama sanadin raka shi rafi. Ni ma ya taɓa tsinke mini tumatir kaf a gabana, ya ce, “Malam, ka kai ni mana.” Na ba shi kwando.

Ana cikin haka Hansai ta rasu. Labo yana kan addinin kakanninsa, kuma su a gidansu a bayan ɗaki suke binne nasu, a gefen gona. Nan ya sa ta, ya bar fili a kusa da ita daidai tsawonsa. Daga ranar maganar ta daina ba mu dariya, don kowa ya san in aka raka shi rafi, Hansai za ta rage ita kaɗai a gonar wani.

Dagacinmu na lokacin, Magaji Maitama, ya zo gaisuwa, ya daɗe yana duban filin nan. Ranar kasuwa ya sa aka kira Labo gaban jama'a, ya ɗaure fuska tamau.

“Kai ne ka kai akuya gonar Liman shekarun baya?”

“Ni ne, ranka shi daɗe!” in ji Labo cikin murna.

“To ɗan garin ga ba ya yin haka ya kwana lafiya. Za ka riƙa share kasuwa, sai ran da na ce ka bari.”

Ban taɓa ganin mai laifi ya yi farin ciki irin na ranar ba. Ya sayi sabuwar tsintsiya, ya ɗinka riga ta musamman don aikin. In baƙon ɗan kasuwa ya tambaye shi ko shi ma'aikacin ƙaramar hukuma ne, sai ya dafa ƙirji ya ce, “A'a, hukunci ne.” Maitama kuwa har Allah ya karɓi ransa bai ce a bari ba.

Aka naɗa ɗansa Mannir sabon Magaji, saurayi mai son rediyo. Ya sha jin yadda manya kan yi wa fursunoni afuwa a ranakun biki, shi ma ya ce ranar naɗinsa sai ya yi. Aka duba garin kaf, ba mai zaman hukunci sai Labo. A daidai lokacin kuma wani dillalin masara daga Funtua yana neman fili a bakin hanya don ya gina sito. Ban ce abu biyun suna da alaƙa ba, ban kuma ce ba su da ita ba. Ana tsakiyar kiɗa Mannir ya ɗaga hannu ya ce, “Baba Labo, daga yau na yafe maka.”

Kowa ya san irin mutumin da ake yafe wa a Tudun Hajjo, kuma kowa ya san kalmar da ta rage. Labo ya buɗe baki, don shi mutum ne da ko hanya ka kauce masa sai ya gode, sai muka ga ya sa hannu biyu ya toshe bakin. A haka ya taka har gida.

Teburin Awaisu mai shayi ya zama kotu. Wasu suka ce Magaji na da ikon ya yafe wa wanda ya ga dama, ko yana so ko ba ya so. Wasu suka ce Maitama cewa ya yi “sai ran da na ce,” kuma wanda ya ce “na” ɗin yana kabari. Wani ya ce kujera ce ta yi magana, kujerar kuma tana nan da ranta. Awaisu ya ce shi dai a saninsa afuwa kyauta ce, kuma ba a ɗura wa mutum kyauta kamar yadda ake ɗura wa jariri ruwa. Aka yi ta yi har shayi ya huce, aka tashi a kan abu ɗaya: muddin Labo bai gode ba, afuwar tana nan a rataye, ba ta sauka ba.

Ranar kasuwa Labo ya fito da tsintsiyarsa. Mannir ya sa aka karɓe ta, Labo ya dawo da reshen dalbejiya. Aka karɓe, ya tuɓe rigar hukuncin ya ci gaba da kaɗe ƙasa da ita. Mannir ya harzuƙa, ya ce, “Na hana ka shara a garin nan, kuma wannan hukunci ne!” Wani dattijo ya raɗa masa cewa in hukunci ne, to ya mai da shi ɗan gari ke nan. Mannir ya janye maganar tun dattijon bai gama rufe baki ba, Labo kuma ya samo wata tsintsiyar ya ci gaba da shararsa.

Daga nan Labo ya daina godiya gaba ɗaya, don yana tsoron kada ya ce wa mai ƙosai ya gode, wani ya kai fada cewa da Magaji yake. Fadawa sun gwada shi iyakar gwaji. Sun kai masa buhun taki, sun gyara masa jinkar ɗaki, sun ɗauke shi a babur kyauta zuwa Maska, suna kasa kunne. Ya karɓi komai, hawaye na zubo masa, bai ce uffan ba. Dillalin ya gaji da jira ya gina sitonsa a wani gari, amma Mannir ya ƙi janye afuwar, wai sarauta ba ta komawa baya. Na sha jin Labo ta bayan danga yana ba Hansai labarin wanda ya yi masa alheri a ranar, kuma na san abin yana cin sa fiye da ciwon ƙafar da ya kwantar da shi daga baya.

Bara da kaka jikin ya yi tsanani, Lauratu ta leƙo ta danga ta ce babanta na kirana. Na same shi kwance, tsintsiyar na jingine a bango.

“Malam,” ya ce, “saƙo za ka kai mani. Ka ce wa Awaisu na gode da shayi. Ka ce wa Liman na gode da harawa. Mai awo, mai ƙosai, waɗanda suka yi mani jinka, kowa. Kai ma na gode da kwando.”

Na ce, “Magaji fa, Baba? Shi ya aiko da takin nan.”

Ya juya kai wajen bangon da Hansai ke bayansa.

“Shi ma ka gaya mashi. Amma ka bari sai kun rufe ni.”